Ranar da Hajiya Ta Shiga Wayoyin Mutane Ba Sallama

Shekarar da na gama bautar ƙasa na samu aiki a wani ƙaramin gidan talabijin mai zaman kansa da ke Doka. Sashen kasuwanci aka tura ni, wajen masu nemo talla. Ban taɓa zaton can za a kai ni ba, domin aikin jarida na karanta, kuma ni mutum ne da ko cinikin takalmi ba na iya yi sai na tafi da wani. Amma na karɓa da murna. Kullum da safe in fito daga gidanmu a Malali, in hau keke, in isa ofis tun ba a gama shara ba, in zauna ina jiran a ba ni abin yi.

Abin da na fara fahimta shi ne tallace-tallace sun ja baya, kuma a iya abin da na ji daga abokaina na wasu tashoshin, ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Wuta ba ta zama, mai ya yi tsada, ba kowa ke tayar da janareta don ya kalli labarai ba. Ga kuma waya. Mai shagon atamfa da a da yake takowa har ofis ya biya a tallata masa kaya, yanzu 'yarsa ce ke ɗaukar bidiyon kayan ta ɗora a shafinta, kafin la'asar an fara tambaya. Sai lokacin azumi da lokacin zaɓe muke ganin masu talla suna bin layi. Sauran watanni abin da ke riƙe tashar shi ne sayar da lokaci: mutum ya biya, a ba shi awa guda ya faɗi abin da yake so. Masu maganin gargajiya sun fi kowa saye.

Cikin 'yan shirye-shiryen da suka rage namu na kanmu akwai shirin kasuwa. Wata dattijuwa ce ke gabatar da shi, kowa a tashar yana ce mata Hajiya. Kowane mako takan shiga kasuwa da mai kamara, ta tambayi farashin kayan miya da hatsi, ta yi ciniki, ta tsokani 'yan kasuwa su rama. Tun ina firamare mahaifiyata ke kallonta. Ranar da na gaya wa Mama cewa ofishinmu ɗaya da ita, sai da ta tambaye ni ko da gaske doguwa ce kamar yadda take fitowa.

Shirin yana da tsari da ba ya canzawa. Kafin a ga kasuwa, sai an ga Hajiya zaune a ɗakin shirye-shirye ta yi sallama. Kuma sallamarta doguwa ce. Ta gaida na gida, ta gaida na shago, ta gaida ma'aikata, ta gaida direbobin tashar Kawo da fasinjojinsu, ta yi wa marasa lafiya addu'a, na asibiti da na gida, ta yi wa masu jego barka. Sai ta gama wannan duka sannan ta ce mu leƙa kasuwa.

Wani Alhaji mai sayar da shinkafa da man girki a Kawo shi ne ke ɗaukar nauyin shirin. Ban daɗe da zuwa ba sai ya aiko cewa in zangon da ya biya ya ƙare ba zai sabunta ba. 'Ya'yansa sun gaya masa babu mai kallon talabijin yanzu. Manaja ya tara mu ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in Alhaji ya janye, shirin ya mutu, lokacinsa kuma akwai mai maganin basir da ya daɗe yana nema.

A makon ne Manaja ya je wani taron bita a Abuja, ya dawo kamar an sa masa sabon batir. Ya shigo ofishinmu ko zama bai yi ba, ya ɗaga wayarsa sama.

"Ga talabijin ɗinku nan! Ya bar falo, ya koma aljihu. Mu ne muke ta magana da kujeru."

Ya ce daga yau za a riƙa yayyanka shirin Hajiya gajere-gajere ana ɗorawa a shafukan tashar, in mutane suka kalla da yawa sai a nuna wa Alhaji. Ya nuna ni. "Kai ne yaro, kai ka san waya. Shirin yana hannunka."

Wani daɗi ya kama ni, domin dama na ɗan yi bincike a kan abin ban dai gaya wa kowa ba. Mun saba ɗora shirin gaba ɗayansa a shafinmu, kuma manhajar tana nuna wa mai shafi inda masu kallo suke barin bidiyo su wuce. Na buɗe na nuna masa. Layin da ke nuna yawan masu kallo yakan fara a sama, sai ya gangaro kamar an tura shi, tun Hajiya ba ta kai kan direbobin Kawo ba.

"Yallaɓai, ban tabbata ba, amma kamar a wajen gaisuwar ne suke tafiya. Watakila kuma data ce ke ƙare musu."

"Data ba ta ƙarewa duk gari lokaci ɗaya. Abin da aka gaya mana ke nan a Abuja, daƙiƙun farko su ne kasuwa. Yanke gaisuwar."

"Dukanta?"

"Dukanta. Fara daga inda ake rigima."

"Ko za a fara tambayar Hajiya?"

"Hajiya tana Zariya biki. Kafin ta dawo ta zama tauraruwa, ita za ta gode maka."

Na zauna da mai kamara a ɗakin tace hotuna. Sa'ana ne, ya riga ni zuwa tashar, kuma ba abin da ke tayar masa da hankali. Muka zaɓi wurin da Hajiya ta ɗago tattasai guda ɗaya tana juya shi a gaban fuskar mai kayan tana cewa, "Haba malam, wannan daga Makka aka kawo shi?" Daga nan muka fara. Da muka kunna, ni kaina sai da na yi dariya. Abin ya yi rai. Babu kujera, babu labule, kai tsaye kana tsakiyar kasuwa. Na sake kallo sau da yawa ina neman kuskure, har mai kamara ya ce in ban danna na ɗora ba shi zai danna.

Na ɗora da hantsi. Kafin azahar masu kallo sun wuce abin da cikakken shirin yake samu a mako. Ban iya cin abinci ba. In duba waya, in ajiye, in sake ɗauka. Mai kamara yana ta dukan kafaɗata, Manaja ya leƙo ya ɗaga min babban yatsa. Na fita bayan ofis ni kaɗai na yi tsalle, sannan na waiga ko wani ya gan ni.

Sai bayan la'asar na natsu na karanta abin da mutane suke rubutawa a ƙasan bidiyon. Wasu suna kukan tsadar tattasai. Amma da yawa wani abu daban suke faɗa. Wata ta rubuta, "Hajiya lafiya? Yau ko sallama babu." Wani ya ce, "Wa alaikumus salam, tunda dai ba a yi mana ba mu mun amsa." Sai wasu suka bi bayansa suna ta amsa sallamar da ba a yi ba, suna dariya. Wani dattijo, ina jin dattijo ne daga yadda ya yi rubutun, ya ce ya daɗe yana ganin mutuncin wannan baiwar Allah, bai san ita ma zamani ya ɗauke ta ba.

Da na koma gida na tarar maƙwabciyarmu ta riga ta turo wa Mama. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba ta ce, "Kai, me ya sami Hajiyarku? Ina zaune sai ga mace ta faɗo min cikin waya tana faɗa da mai tattasai."

"Mama, sabon tsari ne. Wai mutane ba sa jira."

"Su waye ba sa jira? Ina za su?"

Na ce mata zan bincika.

Ranar da Hajiya ta dawo, tun daga bakin ƙofa muka ji muryarta.

"Ina wanda ya jefa ni gidajen mutane ta katanga?"

Mai kamara ya nuna ni da baki, ya sunkuyar da kai yana goge gilashin kamara da babu ƙura a jikinsa. Na miƙe na gaishe ta har da rusunawa.

"Au, kai ne, Malam Watakila?" Sunan da ta sa min ke nan tun makon farko. "Yayana ya kira ni daga Katsina, ya ce ko na fara rikicewa ne. Ni da ko ɗakin jikata ba na shiga sai na yi sallama, ka sa na shiga wa dubban mutane kamar akuya ta ga ƙofa a buɗe."

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ina jin ba haka aka yi nufi ba."

"Kana ji. Kullum kana ji."

Manaja ya fito da wayarsa yana nuna mata yawan masu kallo. Ko duba wayar ba ta yi ba.

"Manaja, in mutum ya faɗi a kasuwa ma ana taruwa a kalle shi."

"Hajiya, in ba mu yi haka ba shirin zai tafi. Mai maganin basir yana nan yana jira."

"To ya zo. Shi ai yana sallama, na ji shi."

Ta ɗauki jakarta ta shige ɗakin kwalliya. Manaja ya dube ni kamar ni na haifi matsalar, ya ce in san yadda zan yi kafin ranar Talata, ranar da za a ɗauki shiri a kasuwar Kawo.

Kwanakin nan ban sake ba. In aka mayar da doguwar gaisuwa, mutane za su wuce, Alhaji ya janye. In aka cire ta, Hajiya ba za ta tsaya gaban kamara ba, kuma babu shirin in babu ita. Na koma ina karanta rubuce-rubucen mutane, na sabon bidiyon da na tsofaffin. A tsofaffin ba su da yawa, amma na lura kusan kowa da amsa sallama yake farawa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. A nan wani tunani ya zo min. Mutanenmu ba sa iya jin sallama su yi shiru, ko daga waya ta fito. Manhajar kuwa, a iya fahimtata, duk bidiyon da ake yawan rubutu a ƙasansa shi take ƙara tura wa mutane. Ashe watakila ba sallamar ce ke korarsu ba. Zaman kujerar ne da tsawon jerin.

Na sami Hajiya ranar Litinin tana shan shayi. Na daɗe a tsaye kafin na fara.

"Hajiya, akwai wata shawara, amma in ba ta yi ba a bar ta."

"Zauna, kana sa ni jiri."

Na ce me zai hana ta yi sallamar a cikin kasuwa, tana tsaye a gaban rumfa, kayan na hannunta, ta haɗa mai kayan da masu kallo a sallama ɗaya, sai ta zarce da ciniki. A talabijin kuwa a bar mata gaisuwarta cikakkiya yadda ta saba.

Ta kurɓi shayi. "Marasa lafiya fa? Su da suke kwance da waya a hannu, su ne za a bari?"

Ban yi tunanin wannan ba, na kuwa gaya mata ban yi ba.

Ta juya cokali a kofin, ta ce, "Gajerun nan naka guda nawa ake yi a shiri ɗaya?"

"Da ɗan dama."

"To kowane ɗaya da mutanensa. Wannan na marasa lafiya, wancan na direbobi, na gaba na masu jego. Kowa zai samu, ba dai rana ɗaya ba. Amma ka taɓa min kalma ɗaya a ciki, ni da kai ne."

Na fito ina jin kamar in rungume mai gadi.

Talata muka isa Kawo da hantsi, kasuwa ta riga ta cika. Motocin ƙauye suna sauke buhuna, masu baro suna ihu a ba su hanya, ƙamshin citta da daddawa ya gauraye da hayaƙin mota. Ni ne riƙe da makirfo mai sanda. Hajiya kuwa tafiya take kamar gidanta, ana ta kiranta daga rumfuna. Ta tsaya wajen wani mai tumatur da suka saba faɗa, ta ɗauki guda biyu, ta juyo ga kamara.

"Salamu alaikum mai tumatur, salamu alaikum ku da ke riƙe da waya, na kwance Allah ya tashi kafaɗunku. Malam, nawa za ka zalunce ni yau?"

Mai tumatur ya amsa yana dariya. Ba shi kaɗai ba: mai albasa na gefensa ya amsa, matan da ke ciniki suka amsa, wani mai baro da ke wucewa ya amsa da ƙarfi bai ko tsaya ba. Duk makirfo ya kwashe. Na dubi mai kamara, na ga shi ma, da ba ya nuna komai, yana murmushi a bayan kamara.

Mai tumatur ya ce, "Zalunci kuma Hajiya? Ke da kike zuwa da 'yan jarida ki ɓata min suna, sannan ki nemi gyara?"

"Sunanka ai tumatur ɗinka ya riga ni ɓata shi. Dubi wannan, ya fi ni tsufa."

Ko sau ɗaya ba mu maimaita ba. Da yamma na ɗora na farko, ban taɓa komai a farkonsa ba.

Ban san yadda zan kwatanta washegari ba. Na buɗe waya bayan sallar asuba na ga amsar sallama jere, ina ja tana zuwa, ina ja tana zuwa. Daga Zariya, daga Jos, daga Maraɗi, har da wani da ya ce daga Saudiyya yake kallo kuma ya yi kewar faɗan kasuwa. Wata ta rubuta cewa tana kwance a asibiti ta ji addu'ar, ta ce amin. A ƙarƙashinta mutanen da ba su san ta ba suna ta yi mata sannu. Layin nan da yake gangarowa ya miƙe, bai sauko ba sai can wajen ƙarshe. Na shiga ɗakin Mama da gudu na nuna mata. Ta amsa sallamar a fili tukuna, sannan ta ce tumatur ɗin bai kai kuɗin ba.

A ofis Manaja ya kusa ɗaga ni sama. Da na yi masa bayanin yadda amsar mutane ke sa bidiyon yaɗuwa, idonsa ya ƙara buɗewa.

"To ai sai mu rubuta a jikin hoton da manyan baƙaƙe: amsa sallamar Hajiya a ƙasa!"

Dama abin yana ɗan damuna, ko daidai ne mu ci riba da abin da mutane suke yi don Allah. Na ce, "Yallaɓai, ina ganin kamar, watakila, in muka roƙa abin zai canza. Yanzu suna amsawa ne don an yi musu. In muka rubuta, ya zama mu muke nema."

Hajiya tana bakin ƙofa ashe. "Ka ji Malam Watakila yau ya yi magana. Manaja, ni gaisuwa nake yi, ba tarko nake ɗanawa ba. Wanda ya amsa ya samu ladansa, wanda bai amsa ba ya ga farashin tumatur."

Manaja ya ɗaga hannu biyu ya ce ya bari. Har yau ban gama warware wa kaina tambayar ba, amma dai ba mu rubuta ba.

Saura Alhaji. Na shirya bayani mai tsawo, na yi ta bitarsa a cikin keke har muka isa shagonsa, ni da Manaja. Muka same shi zaune tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin mai. Ban kai ga buɗe baki ba ya ciro wayarsa.

"Wannan kuka zo nuna min? Matana sun turo min, surukina ya turo min, direban da ke kawo min kaya daga Legas ma ya turo min. Abu ɗaya na gani. Ina shinkafata a ciki?"

Manaja ya fara bayanin za a sa hoton buhun a gefe. Alhaji ya girgiza kai.

"Hoto a gefe wa yake kallo? Mai tumatur bai biya ko sisi ba, jiya an yi layi a rumfarsa. Ni ma ta zo nan ta yi min sallama, ta zage ni yadda ta zage shi."

Haka aka yi yarjejeniya. Ya sabunta, amma ya ce na waya yake saye, na talabijin ƙari ne. Don haka Manaja ya rage wa shirin rabin lokacinsa a talabijin, ya sayar wa mai maganin basir sauran. Hajiya ta yi mita kwana biyu, ta ce yanzu tana gama yi wa marasa lafiya addu'a sai ga mai magani ya fito kamar tare suka shirya. Amma shirin ya tsaya da ƙafarsa, kuma a karon farko wasu 'yan kasuwa suka fara kiran ofishinmu da kansu suna tambayar yaushe za a zo layinsu.

Talatar da ta biyo baya muka je shagon Alhaji. Ya sha babbar riga, ya sa an jera buhuna har rufi. Hajiya ta ɗebi shinkafa a tafin hannu ta juyo.

"Salamu alaikum Alhaji, salamu alaikum masu waya, direbobi Allah ya kai ku lafiya. Alhaji, wannan tsakuwar nawa mudu?"

Alhaji ya gyara tsayuwa ya dubi kamara. Ya amsa sallama cikakkiya. Sannan ya gaida Hajiya, ya tambayi maigida da yara da jikoki. Ya gaida Manaja da ba ya wurin. Ya gaida abokan cinikinsa na Kawo da na Malali da na Doka, ya gaida 'yan'uwansa 'yan kasuwa layi-layi, ya juya kan mutanen garinsu. Hajiya tana tsaye da shinkafa a hannu, ni kuma hannuna ya gaji da sandar makirfo. Mai kamara ya leƙo ta gefe ya yi min alamar almakashi da yatsu biyu.

Da muka fito na matsa kusa da ita na rage murya. "Hajiya, wannan fa? Ban sani ba ko ya halatta a taɓa."

Ta kakkaɓe hannunta a gefen mayafi. "Amsar ka bar masa. Sauran kuwa, kai da shi. Shi ya biya, kai za ka je ka gaya masa."

Ta yi gaba wajen masu manja, ta bar ni tsaye a ƙofar shagon ina shirya yadda zan fara.